Daga kofi da gwangwani zuwa giram: yadda ake gane nauyin kayan lambu a kicin

Kofi ɗaya na albasa da aka yanka ƙanana yana da nauyin giram 160. Idan aka cika wannan kofin da ɗanyen ganyen alayyahu, da ƙyar zai kai giram 30. Ko albasar ma, idan aka yanka ta siri-siri irin wadda ake zubawa a kan tsire, sai ta sauko giram 115. Kofin bai canza ba. Abin da ke canzawa shi ne yawan iskar da ke maƙale tsakanin yanka da yanka. Ruwa da mai da nono suna cike kowane lungu na ma'auni, shi ya sa awonsu ba ya ruɗi. Kayan lambu kuwa kullum suna barin gurbi, kuma girman gurbin yana bin yadda wuƙa ta bi da su.

Uwargidan da ke dafa wa mutum biyar miya za ta iya yi da ido, hannunta ya riga ya saba. Matsalar tana fitowa ne a wurare uku: idan girkin da aka samo a intanet ya zo da giram alhali babu sikeli a gida, idan za a ninka girkin gida sau goma don biki ko suna ko abincin sayarwa, da kuma idan likita ya ƙayyade wa mara lafiya abin da zai ci. Hukumar Lafiya ta Duniya ma da nauyi ta ba da shawararta: aƙalla giram 400 na kayan lambu da 'ya'yan itatuwa a rana ga babba, ban da dankali da rogo da danginsu. Wanda bai san nauyin abin da kofinsa ke ɗauka ba ba zai san ko ya kai wannan adadi ba.

Ki fara da auna ma'aunin kansa

Kafin a zo kan kayan lambu, sai an san cikin kofin ko gwangwanin da ake awo da shi. Mililita ɗaya ta ruwa giram ɗaya ce, lita ɗaya kilo ɗaya. Saboda haka idan kina da sikeli, ki ɗora ma'aunin babu komai a ciki, ki mayar da lambar sifili, ki cika shi da ruwa har baki. Lambar da ta fito ita ce cikinsa da mililita. Idan babu sikeli, ki samu robar ruwa mai santilita 50, wato mililita 500, ki ga sau nawa take cika ma'aunin, ko sau nawa ma'aunin ke cika ta. Ki rubuta lambar a gindin ma'aunin da abin rubutu da ba ya gogewa.

Wannan mataki ba a tsallake shi, domin kofi ba ɗaya ba ne a duniya. Kofin girkin Amurka mililita 237 ne, ana ƙirga shi 240 don sauƙi. Na Ostareliya 250 ne. Tsofaffin littattafan girkin Ingila suna nufin 284, na Japan 200, ƙaramin kofin da ke zuwa cikin tukunyar dafa shinkafa ta lantarki kuma 180. Kofin shayin gida yana iya zama komai daga 200 zuwa 350. Duk alƙaluman da za su biyo baya a kan kofi mai mililita 240 suke, kuma galibinsu daga awon ma'aikatar noma ta Amurka aka samo su.

Ma'aunanmu na gida sun fi wannan bambanta. Gwangwanin madara ba girmansa ɗaya ba, domin kamfanoni kan rage shi lokaci zuwa lokaci, na yau ba lallai ya yi daidai da wanda aka ajiye a kicin shekara goma da suka wuce ba. Babban gwangwanin tumatir mai giram 850, wanda girke-girken kudancin Najeriya ke kira derika, bai kai lita ɗaya ba. Mudu da tiya da kwano kuwa kowane gari da nasa, wani lokaci ma kowace kasuwa, kuma wanda aka bubbuga wa gindi ya lotsa ba ya ɗaukar abin da sabo ke ɗauka. Bokitin fenti ne ya fi tsayawa wuri ɗaya, lita 4, shi ma ya kamata a gwada shi.

Cokali ma haka. Babban cokalin awo mililita 15 ne, ƙarami 5, sai a Ostareliya da babban ke da 20. Cokalin cin abinci na gida yawanci bai kai 15 ba. Sabon sirinji mai mililita 10 daga kemis ya isa ki gane cikin kowane cokali: ki riƙa ɗiga ruwa har ya cika, ki duba nawa ya tafi.

Yadda ake cika ma'auni

A zuba kayan a hankali har su ɗan haura baki, a buga gindin ma'aunin sau ɗaya a kan tebur, a shafe saman da bayan wuƙa. Ba a dannawa, ba a yin tozo. Tozon da mai awon hatsi ke yi a kasuwa yana iya ƙara kwata na abin da ke ciki ko fiye, kuma yana ƙaruwa da faɗin bakin ma'aunin. Kwano mai faɗi yana ɗaukar tozo fiye da gwangwani mai tsawo ko da cikinsu ɗaya.

A kuma duba girman yanka da girman ma'auni. Manyan gutsattsarin kabewa a cikin gwangwanin madara ba awo ba ne, domin guda huɗu ko biyar za su toshe shi, rabinsa iska. Idan yankan ya kai girman babban yatsa, a yi awon da abin da ya kai lita ɗaya, sannan a raba.

Nauyin kowane yanka

Masu ƙarfi da aka yanka ƙanana, kamar girman ƙwayar masara zuwa ta gyaɗa, su ne suka fi cika kofi. Tumatir yana ba da giram 180, domin ruwansa na gangarawa ya cike guraben. Albasa 160. Tattasai ko koren tattasai 150. Dankalin turawa da doya 150, dankalin hausa 133, karas 128, kokwamba da aka fere 133. Kabewa ta fi su sauƙi, 116. Yalo mai laushin ciki kamar soso 82 kacal.

Da zarar yankan ya zama dogo ko mai faɗi, nauyin sai ya faɗi, domin dogayen yanka suna gicciye juna su bar rami a ƙarƙashi. Albasa ta koma 115, tattasai 92, wato ya rasa fiye da kashi ɗaya cikin uku. Kokwamba mai ɓawo da aka yanka zagaye-zagaye 104. Karas bai cika canzawa ba, 122, saboda yankansa na kwanciya a kan juna. Gogaggen karas kuwa 110 ne idan an bar shi a sake, amma shi ya fi kowanne saurin dannuwa, hannu ɗaya za a ɗora masa ya ƙara nauyi sosai. Kuɓewa ɗanya 100, koren wake da aka gutsuttsura 100, lawashi 100. Kabeji yankan ƙanana 89, yankan siri-siri na haɗin salak 70.

Don amfani da waɗannan a kan kowane ma'auni, a raba nauyin da 240, abin da ya fito a ninka shi da cikin ma'aunin. Albasa ƙanana: 160 a raba da 240 ya ba da 0.67. Tumatir 0.75, tattasai da dankalin turawa 0.62, karas 0.53, gogaggensa 0.46, kuɓewa 0.42, kabeji siri-siri 0.29. Ma'ana lita ɗaya ta yankakkiyar albasa giram 670 ce, ta tumatir 750, ta kabeji 290.

Ga misali. Girki ya ce albasa giram 500, ke kuma gwangwanin madara kike da shi, kin gwada shi da ruwa ya ba ki 170. Ki ninka 170 da 0.67, ya zama giram 114 a kowane gwangwani. Ki raba 500 da 114, ya ba da 4.4. Gwangwani huɗu ke nan da ɗan ƙasa da rabi. Idan kuma akasin haka ne, girkinki na gida kike son mayarwa giram don ki ba ma'aikatanki, ki ƙirga gwangwanin ki ninka da 114.

Kada a ɗauki waɗannan lambobi kamar awon gwal. Kuskuren kashi 10 cikin 100 sama ko ƙasa abu ne da aka saba gani ko a hannun ƙwararru, kuma miya ba ta jin wannan bambanci. Inda ake jin sa shi ne kayan yaji da abin da ake sayarwa da ƙididdiga.

Na cokali kaɗan ne. Yankakkiyar albasa babban cokali giram 10. Dakakkiyar tafarnuwa ƙaramin cokali giram 3, babba wajen 9. Gogaggiyar ɗanyar citta ƙaramin cokali giram 2. Idan girkin waje ya ce tafarnuwa ƙwaya uku, yana nufin ƙwaya mai giram 3 ko fiye. Tafarnuwarmu ta gida ƙananan ƙwayoyi gare ta, sai an haɗa biyu kafin a kai ɗaya tasu, sai dai ta fi ƙarfi, don haka a auna da cokali a ɗanɗana.

Ganye, inda awo ya fi ɓacewa

A nan ne kofi ya fi yaudara. Ɗanyen alayyahu da aka tsinke aka zuba a sake giram 28 ne a kofi. Lalo ma 28. Zogale 21, ganyen wake 36, ganyen kabewa 39, latas yankakke daga 36 zuwa 47 gwargwadon irinsa. Kashi tara cikin goma na kofin iska ce. Idan aka yanka alayyahun ƙanana yadda muke yi na miya, ko aka danna shi da hannu, nauyin yana iya ninkawa a cikin kofi guda. Mutum biyu za su auna kofi huɗu na ganye ɗaya, ɗaya ya samu giram 110, ɗaya ya haura 200, kuma babu wanda ya yi ha'inci.

Shawararmu a kan ganye ita ce a daina auna shi ɗanye da kofi in dai akwai wata hanya. Ko dai a ɗora shi a sikeli, ko a auna shi bayan ya sha zafi. Dafaffen alayyahu da aka tsane giram 132 ne a kofi, dafaffen lalo 87. Lissafin ya nuna kusan kofi biyar na ɗanyen alayyahu ke komawa kofi ɗaya a tukunya. Wannan ne dalilin da ya sa sabuwar mai girki ke ganin ta cika roba da ganye, amma miyar ta fito ganyen na iyo jefi-jefi. Kilo ɗaya na gyararren alayyahu ya kai kofi 35, fiye da bokitin fenti biyu.

Ga zogale da rama na kwaɗo, awon bayan dahuwa ya dogara ga matsa. Wanda aka tsane a kwando kawai yana riƙe da ruwa mai yawa, wanda aka matse da hannu ya zama curi kuma ya fi cushewa a kofi amma ruwansa ya fita. A zaɓi hanya ɗaya a tsaya a kanta. Mai sayar da kwaɗo ta fi samun daidaito idan ta auna matsattsen curin a sikeli, sannan ta ƙayyade ƙuli-ƙuli da mai a kansa.

Abubuwa biyu ne kuma ke ɓata awon ganye ko da sikeli. Na farko ruwan wanki: ganyen da aka tsamo daga ruwa yana ɗauke da ruwa a kowace fuska, sikeli kuma ba ya bambance ruwa da ganye. A tsinke, a auna, sannan a wanke. Idan ƙasa ta yi yawa dole sai an fara wankewa, a baza shi a faranti ya sha iska tukuna. Na biyu yaushi. A lokacin hunturu ganyen da aka sayo da safe yana rasa ruwa kafin la'asar, nauyinsa ya ragu, amma ya fi kwanciya a kofi, sai kofin ya ɗauki ganye fiye da na safe. Da sikeli za a ga ya ragu, da kofi za a zuba fiye da kima. A nannaɗe shi a jiƙaƙƙen tsumma mai tsabta har lokacin aiki.

Markaɗe, jajjage da busassu

Markaɗen kayan miya ba shi da gurbin iska, don haka ya kusa da ruwa: kofi ɗaya giram 245 zuwa 250, lita ɗaya kilo ɗaya da ɗan ɗoriya. Dafaffiyar kabewa da aka dame ita ma 245. Jajjage yana ƙasa da haka kaɗan. Sai dai nauyin markaɗe ba ya gaya miki yawan tumatirin da ke ciki, domin mai inji yana zuba ruwa ya tura kayan, ya sake zubawa ya ɗauraye injin. Lita uku daga inji tana iya zama kilo biyu na kaya da lita ɗaya ta ruwa. A auna tumatir da tattasai da attaruhu da albasa kafin a kai niƙa. Idan a gida ake markaɗawa, a fara da tumatir shi kaɗai, ruwansa ya isa ya ja sauran. Markaɗen da ya fito daga blanda kuma yana da kumfa, a bar shi ya kwanta minti biyar kafin a duba awonsa.

Tumatirin gwangwani babban cokali giram 16 ne, kofi 262. Ɗanyen tumatir kusan kashi 95 cikin 100 ruwa ne, tsantsar namansa kashi 5 zuwa 6. Na gwangwani mai kauri yana da wajen kashi 28. Saboda haka ƙaramin gwangwani mai giram 70 yana tsayawa a madadin ɗanyen tumatir giram 350 zuwa 400, kimanin dogayen tumatir shida matsakaita. Wannan lissafi na tsantsar tumatir ne. A karanta jikin leda ko gwangwanin, domin wasu haɗi ne da sitaci da sukari da kala.

Da wannan hanyar ake gane busassu. Kilo ɗaya na ɗanyen tumatir yana komawa giram 60 zuwa 70 na kauɗa, don haka kofi ɗaya na kauɗa, mai nauyin giram 54 ko kusa, ya tsaya a madadin ɗanye giram 800. Kuɓewa ruwanta kashi 90 ne, kilo ɗaya yana ba da busasshiya giram 110 zuwa 120, wato a nauyi kashi ɗaya busasshiya daidai da tara ɗanya. Garin barkono babban cokali wajen giram 5 ne. Kuka da karkashi da garin kuɓewa nauyinsu a cokali yana bin laushin daka da tankaɗe, kuma da damina suna shan danshi su dunƙule, cokali ya ɗauki fiye da yadda ya saba. A tankaɗe kafin awo.

Girki ma yana canza nauyi, kuma ba iri ɗaya ba. Dankali da karas da aka dafa a ruwa kusan nauyinsu na nan. Albasar da aka soya har ta yi ja tana rasa fiye da rabi. Kabeji da kokwamba da aka barbaɗa wa gishiri suna sakin ruwa cikin rabin awa. Idan girki ya ba da nauyi bai faɗi komai ba, galibi ɗanye yake nufi.

Abin da za a sayo ya fi abin da zai shiga tukunya

Lambobin da suka gabata duk na kayan da aka gyara ne. Kasuwa kuwa da ɓawo da jijiya da ƙara take sayarwa. Albasa tana rasa kashi 10 cikin 100 wajen ɓarewa, tumatir 9, karas 11, tafarnuwa 13, kuɓewa 14, tattasai 18 idan an cire hanci da 'ya'ya, kabeji 20. Dankalin turawa da aka fere da wuƙa yana rasa har kwata, ƙanana sun fi manya asara. Kabewa 30. Zogale kusan 38, saboda tsinkayensa. Alayyahun da aka tumɓuko da saiwa ya yi ƙara mai kauri yana iya rasa kashi ɗaya cikin uku, matashi kuwa kaɗan ne ake zubarwa.

Kuskuren da aka fi yi shi ne ƙara kason asarar a kan abin da ake buƙata. Ana son kabewa kilo 2, sai a ƙara kashi 30 a sayo kilo 2.6. Idan aka fere wannan, kilo 1.8 zai rage. Daidai shi ne a raba abin da ake buƙata da abin da ke saura: 2 a raba da 0.7, ya ba da kusan kilo 2.9. Ga albasa a raba da 0.9, kabeji da 0.8, dankali da 0.75.

Idan da ƙirge ake saye, matsakaiciyar albasa mai faɗin santimita 6 giram 110 ce, ƙarama 70, babba 150. Manyan albasar rani irin ta Aliero ko ta Galmi sukan wuce haka nesa, ɗaya tana iya cika kofi ta yi saura. Dogon tumatir matsakaici giram 60, zagayayye 120. Karas mai tsawon tafin hannu 60. Koren tattasai matsakaici 120. Albasa giram 500 da muka lissafa ɗazu ke nan matsakaita biyar.

A haɗa duka a aiki guda: haɗin kabeji na mutum 50, kowa giram 80, jimla kilo 4. A ce kabeji kilo 2.8, karas kilo 1, albasa giram 200. A kasuwa za a sayo kabeji kilo 3.5, karas kilo 1.2 saboda ƙasar da ke jikinsa, albasa matsakaita biyu. A kicin, in babu sikeli, yankakken kabejin kofi 40 ne, wato bokitin fenti biyu da kusan rabi, gogaggen karas kuma kofi 9. Wajen sayen kabeji a ɗaga a ji: ƙulli biyu masu girma ɗaya, mai tauri yana iya fin sakakke nauyi sosai, kuma shi ya fi ba da yanka.

Bokiti da kwando

Kayan da ba a yanka ba, masu siffar ƙwallo, suna cike kashi 55 zuwa 60 cikin 100 na ma'auni. Bokitin fenti mai lita 4 da aka shafe yana ɗaukar tumatir ko albasa kilo 2.2 zuwa 2.5, da tozo ya kai kilo 3 ko ya haura. Idan an gauraya manya da ƙanana ya fi nauyi, domin ƙananan suna shiga tsakanin manyan. Tattasai da attaruhu cikinsu fanko ne, bokitinsu kimanin rabin nauyin na tumatir. Shi ya sa haɗin miya na bokiti ɗaya tumatir da bokiti ɗaya tattasai ba rabi da rabi ba ne, a nauyi biyu ne da ɗaya.

Kwandon kaba na tumatir irin wanda ake saukewa a kasuwar 'Yankaba a Kano ba ma'auni ba ne, girmansa da cikarsa da ciyawar da aka shimfiɗa a gindinsa duk suna bambanta. Mai sayen kwando ta juye shi da bokiti ta ƙirga, bayan ta ware ruɓaɓɓu da fasassu na ƙasa. A kuma tuna irin tumatirin. Tumatirin UTC mai tauri yana da nama, tumatirin damina ruwa ya fi yawa a cikinsa. Kilo ɗaya na kowanne nauyinsu ɗaya a sikeli, amma bayan an tafasa markaɗen ya ƙone ruwa, na damina zai bar kaɗan, sai an ƙara yawansa ko an tallafa da tattasai.

Sikeli, da abin yi idan babu shi

Ƙaramin sikelin kicin mai batir, wanda ke ɗaukar kilo 5 yana nuna giram ɗaya-ɗaya, ya wadatar da gida. A ɗora shi a wuri mai tauri da ya daidaita, ba a kan tabarma ko tire mai lanƙwasa ba. A ɗora kwanon, a danna maɓallin da aka rubuta TARE ko ZERO ya koma sifili, sannan a zuba kaya. A tabbata harafin g ne ke nunawa, domin maɓallin UNIT yana juya shi zuwa oza ko laba ba tare da an lura ba. Faffaɗan kwano da gefensa ke taɓa tebur yana rage nauyi. Iskar fanka tana sa lambar rawa, batir mai rauni ma haka. Tukunya mai zafi tana lalata shi. Abin da bai kai giram 5 ba, kamar garin yaji, irin wannan sikeli ba ya kama shi da kyau, cokali ya fi. Babban sikeli mai allura na 'yan kasuwa kuma na buhu da bokiti ne, layukansa giram 50 ne ko 100, ba zai nuna bambancin albasa ɗaya da ɗaya da rabi ba. Don gwada gaskiyar kowane sikeli, a ɗora ledar taliya da ba a buɗe ba mai giram 500.

Idan girki ya zo da oza, ɗaya giram 28 ce, laba ɗaya giram 454. A lura da ozar ruwa ta Amurka, wadda awon ciki ce, kusan mililita 30. Kofi oza takwas ne na ruwa, amma wannan ba ya nufin kofin kabeji yana da nauyin oza takwas, nasa biyu da rabi ne.

In babu sikeli sam, akwai dabaru biyu. Ta farko ta ruwa ce. A samu jug mai layukan awo, a zuba ruwa zuwa layin mililita 500, a nutsar da karas ko tumatir ko albasar da aka ɓare. Idan ruwan ya hau zuwa 800, nauyin kayan kusan giram 300 ne, domin nauyin jikinsu ya yi kusa da na ruwa. Wanda ya taso a danna shi da bakin cokali mai yatsu. Ga dankalin turawa a ƙara giram 8 a kan kowane 100, ya ɗan fi ruwa nauyi. Wannan dabara ba ta aiki ga tattasai da attaruhu da yalo da kabeji da ganye, saboda iskar da ke cikinsu.

Ta biyu ta ma'auni mai hannu biyu ce, kuma ita ce ta dace da ganye. A rataye hangar kaya a ƙusa, a ɗaura leda iri ɗaya a kowane gefe, nisa ɗaya daga tsakiya. A sa abin da aka san nauyinsa a ɗaya, a riƙa zuba ganye a ɗayar har hangar ta miƙe. Ledar taliya giram 500 ce, robar ruwa mai santilita 50 ma kusan haka da ɗan nauyin robar. Don ƙananan awo, ƙaramin dunƙulen magi giram 4 ne, guda 25 sun ba da giram 100, amma a duba jikin fakitin domin akwai manya.

Wadda ke girkin sayarwa ko na taro, alƙalumanta na kanta sun fi na kowane littafi, tunda wuƙarta da ma'auninta ne ke aiki. Ta ari sikeli na yini ɗaya idan ba ta da shi. Kowane kaya ta yanka shi yadda ta saba, ta cika ma'aunin ta auna, ta juye, ta sake cikawa ta auna har sau uku, ta haɗa ta raba da uku. Ta rubuta sunan kayan da irin yankan da ma'aunin da nauyin, da nauyinsa kafin gyara da bayan gyara, ta manna takardar a cikin murfin kabad. Tumatir da albasa da alayyahu a auna su sau biyu a shekara, da rani da kuma tsakiyar damina. Idan aka sauya mai yanka ko aka sayi sabon magogi, a sake auna gogaggen karas da kabeji kafin a ɗora babban girki a kansu.